Yaro na Uku Bai Ci Bashin Kowa Ba

Magana ce mai daɗin faɗa a bakin wanda ya ƙoshi: in ba za ka iya ciyarwa ba kada ka haifa, gwamnati ba uban kowa ba ce. Birtaniya ta ɗauki wannan hirar majalisa ta mayar da ita doka. A kasafin 2015 ministan kuɗi George Osborne ya yanke cewa tallafin iyalai masu ƙaramin ƙarfi zai tsaya a kan yara biyu, kuma daga Afrilun 2017 duk ɗa na uku da aka haifa ba shi da rabo a cikinsa. Wai don iyaye su yi lissafi kafin su ƙara.

Lissafin bai fito ba. Masu bincike sun bi sawun dokar, suka tarar haihuwa ba ta ragu da wani abin a zo a gani ba. Yo dama wa ke haihuwa da kalkuleta a hannu? Ana haifar yara cikin wadata, sai kamfani ya rufe, ko aure ya mutu, ko maigida ya kwanta ciwo. Abin da ya motsa kawai shi ne talauci: zuwa 2024 yara miliyan 4.5 ne a cikinsa, kusan ɗaya cikin uku, kuma mafi yawansu a gidajen da ake fita aiki. Mai cewa lalaci ne ya yi mana bayanin wannan.

Dokar ta zo har da wani sashe na rashin kunya. An ce mace za ta iya karɓar kuɗin ɗa na uku idan ta cike takarda ta bayyana cewa fyaɗe aka yi mata.

Da jam'iyyar Leba ta hau mulki a 2024, mun ɗauka an gama. Ina! Kwamiti aka kafa don nazarin abin da kowa ya sani, sannan firaminista Keir Starmer ya dakatar da 'yan majalisarsa bakwai saboda sun jefa ƙuri'ar soke dokar. Sai a Nuwamban 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar cewa za a cire ta daga Afrilun 2026. Yaran farko da aka hana sun kai shekara tara ke nan, sun yi girma a kan abincin sadaka yayin da manya ke duba rahoto.

Masu cewa kuɗi a hannun iyaye ba ya maganin komai su leƙa Amurka. A 2021 an faɗaɗa rangwamen harajin yara zuwa dala 3,600 ga ƙanana, ana tura wani kaso wata-wata, talaucin yara ya faɗo zuwa kashi 5.2 cikin ɗari. A 2022 ya koma kashi 12.4. Iyayen ba su sauya hali cikin shekara guda ba. Majalisar dokoki ce ta bar tallafin ya ƙare.