Shataletalen Kano: Wa ke da ikon ginawa, wa ke da ikon rushewa?

A watan Yunin 2023, kimanin mako biyu da rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, gwamnatinsa ta rushe shataletalen ƙofar Gidan Gwamnatin Kano, wanda gwamnatin Abdullahi Ganduje ta gina a 2017 domin cikar jihar shekara 50. Gwamnati ta ce ginin ba shi da inganci, kuma tsayinsa barazana ne ga tsaro. Masu suka suka ce siyasa ce kawai.

Ko ma wa ke da gaskiya, lamarin ya nuna cewa kayan ƙawata birni suna rayuwa ne bisa ra'ayin mai mulki, alhali da kuɗin jama'a ake yin su.

A birnin New York na Amurka, dokar 1982 ta ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin wasu gine-ginen gwamnati domin ayyukan zane da sassaƙa, kuma akwai hukumar da ke tantance su kafin a kafa.

Kano na buƙatar kwamiti irin wannan, mai masu zane, injiniyoyi da wakilan unguwanni. In ba haka ba, kowane sabon gwamna zai iya rushe abin da ya tarar, talaka ya sake biyan kuɗin gini.