Bashin da tsohuwar karya ke bin mu

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wani labari da ke dawowa fadojinmu duk lokacin da hira ta kai ga haukan Turawa. Wai Yarima Hari na Ingila da matarsa Megan sun je sun ɗauko tsohuwar karya mai shekara 7, sun kai ta gida sun sa ta cikin iyali. Sai a fashe da dariya, a zuba shayi na biyu. Wani ya ce ƙoshi ne ke damun su, wani ya ce in ma kare za ka ɗauka, ai ɗan kwikwiyo ake ɗauka, mi za ka yi da tsohuwa? Labarin gaskiya ne, ya faru a watan Agusta na 2022. Dariyar ce nake da ja a kanta, domin mafi yawan masu yin ta ba su taɓa tambayar daga ina karyar ta fito ba.

Ta fito daga wata ma'aikata a garin Kambalan, jihar Bajiniya ta Amurka, mallakar wani kamfani mai suna Envigo. Aikin wurin shi ne haihuwar karnuka irin waɗanda ake kira bigil, a sayar da su ga ɗakunan gwajin magani. Masu binciken ma'aikatar noma ta Amurka sun shiga wurin a 2021, abin da suka rubuta kuma ba ya karantuwa kan cin abinci. Ƴan kwikwiyo fiye da 300 sun mutu cikin wata bakwai, kamfanin bai ma san abin da ya kashe su ba. Uwaye masu shayarwa an hana su abinci kusan kwana biyu. Abincin da ake ba sauran akwai tsutsa da fumfuna a ciki. Wasu an kashe su ba tare da an yi musu allurar gusar da zafi ba. A watan Mayu na 2022 ma'aikatar shari'a ta kai ƙara, alƙali ya yarda a kwashe karnuka kusan 4,000, ƙungiyar Humane Society ta yi wata biyu tana rarraba su ga gidajen kula da dabbobi a faɗin ƙasar. A 2024 kamfanin ya amsa laifi, aka ɗora masa biyan fiye da dalar Amurka miliyan 35. Na ce dalar Amurka, ba dalarmu ta kasuwa ba, kada wani ya yi lissafi da biyar-biyar: kuɗin ya haura miliyar 20 na sefa.

Karyar da muke wa dariya tana cikin waɗannan dubu huɗun. Shekarunta bakwai ta yi su cikin keji tana haihuwa, ana kwashe ƴaƴan ana sayarwa, ta fito ma da ƴaƴa takwas a ƙarƙashinta. A cikin wanga labari akwai kamfanin da ya ci kuɗi, akwai ɗakunan gwajin da suka yi ta saye ba su tambaya ba, akwai hukumar da ta ga ɓarna ta yi ta rubuta takarda watanni kafin a motsa. Duk mun bar su, mun zaɓi mu yi wa wanda ya buɗe ƙofar gidansa dariya. Haba!

Bari in faɗi ko wane ne bigil, tunda ba mu da shi a nan. Ɗan ƙaramin kare ne, nauyinsa kilo 10 ko sama kaɗan, kunnuwa zube kamar na akuya, bakin wutsiya fari. Mutanen Ingila ne suka raine shi don farautar zomo, a garke, mafarauta na biye da ƙafa. Hanci gare shi na ban mamaki, shi ya sa a 1984 ma'aikatar noma ta Amurka ta fara sa shi shinshinar jakunkunan matafiya a filayen jirgin sama, yana tono nama da ƴaƴan itace da aka ɓoye. Tunda an raine shi ya zauna cikin garke, ba shi da faɗa, ba ya saurin cizo, kowa nasa ne. To wannan halin ne ya ja masa. Mai gwajin magani yana son dabbar da za a ɗura wa abu yau, gobe ta kaɗa masa wutsiya, ga ta ƙarama ba ta cin wuri ba ta cin abinci da yawa. Da mafaɗaci ne da an ƙyale shi. A 1975 wata jaridar Ingila ta buga hoton irin waɗannan karnuka an ɗaure su a jere, an sa musu abu a baki ana tilasta musu zuƙar hayaƙin sigari. Ƙasar ta girgiza, aka yi surutu, kasuwar kuma ta ci gaba.

Wani zai ce, to ina ruwanmu, mu da ke Maraɗi da Damagaram? Ruwanmu yana cikin aljihunmu. Shekaru da yawa ƙa'idar fitar da sabon magani ita ce, kafin a ba mutum sai an gwada shi a jikin dabbobi iri biyu, ɗaya daga dangin ɓera, ɗayan kuma wata dabba daban, wadda sau da yawa kare ce, karen kuma bigil ne. Magungunan zamani da ke cikin farmasi na unguwarku, da yawansu ta wannan hanya suka biyo kafin su iso hannun tsohuwarka. Insulin ma da masu ciwon sukari ke rayuwa da shi, a jikin karnuka aka gano aikinsa a Toronto a 1921. Ba mu muka gina kejin ba, gaskiya ne, amma mun sha abin da ya fito daga ciki, kuma za mu ƙara sha. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ba za mu iya askin ba, aƙalla kada mu tsaya gefe muna yi wa wanzamin ba'a.

Yanzu ga maganar kwikwiyo, wadda ita ce ta fi ci mini rai, don tana fitowa daga bakin waɗanda suke ganin sun san kare. Hujjarsu ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma karen bana shi ke maganin zomon bana. Na yarda, in zomo kake nema. Amma iyalin da ke neman dabbar da za ta zauna da yara a tsakar gida, wane zomo za su kama? Babban kare halinsa ya riga ya fito fili: ka ga girmansa, ka ga ko yana jure yara, ka ga ko matsoraci ne. Kwikwiyo kuwa caca ce. Wata shida yana tauna takalmi yana fitsari ko'ina, ba ka san abin da zai zama ba. Bigil yana kai shekara 12 zuwa 15, ke nan mai shekara 7 tana da sauran rabin rayuwa a gaba. Ban da haka, wannan son na ɗan ƙarami mai kyau a hoto shi ne ke riƙe da kasuwar masu haihuwar karnuka. Duk wanda ya ce sai kwikwiyo, ya aika saƙo ke nan a ƙara ɗaure wata uwa ta haihu. Ƙungiyoyin da ke raba karnuka a Amurka da Turai duk sun san wannan: ƴan ƙanana suna tafiya cikin kwanaki, manya su yi ta zama. Matar da ke shugabantar ƙungiyar da ta ba su Hari karyar ta faɗa wa ƴan jarida cewa su da kansu suka nemi a ba su babba. A wurina wannan zaɓin shi ne abu guda mai hankali a labarin gaba ɗaya.

Kada kuma a ɗauka abu ne mai sauƙi, irin na a ɗauki hoto a sa a Facebook a tafi. Karen da ya girma a keji bai taɓa taka ciyawa ba, bai san matakala ba, bai san igiyar wuya ba, bai san akwai wurin yin kashi da wurin kwanciya daban-daban ba. Ƙarar ƙofa tana iya sa shi ya maƙale a lungu yini guda. Ba shi da suna, sai lamba da aka zana masa da tawada a cikin kunne, wadda ba ta gogewa. Wanda ya ɗauke shi zai yi watanni yana koya masa abin da kwikwiyo ke koya cikin makonni, wasu kuma tsoron ba ya sakin su har su mutu. Ko bigil ɗin da ya tashi a gida lafiya lau ba baƙo ba ne mai sauƙi. Yana da wani kuka mai tsawo da ke tada maƙwabta, in aka bar shi shi kaɗai sai ya yi ta yi. In hancinsa ya kama wani wari, kunnensa ya toshe, kira duk banza ne, sai shinge mai kyau ko igiya. Ga ci kamar gara, in ba a auna masa ba ya yi ƙiba ya lalace. Dogayen kunnuwan nan kuma suna riƙe danshi, sai ana dubawa ana gogewa. Mutumin da ya san duk wannan ya ce duk da haka a ba shi, ban ga inda ƙoshi ya shigo ba. Mai ƙoshi ai sabo yake saye.

Na san abin da ke bakin wasunku: kare najasa ne, magana ta ƙare. A nan sai mu yi hankali, don mu Malikawa ne, kuma a mazhabar Imamu Malik jikin kare mai rai tsarkakakke ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki ana yin sa ne don bin umarni. Kiwon kare don farauta da tsaron dabbobi da gona halal ne babu gardama. Malamanmu ma suna ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala da muka karanta a zaure, cewa ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi, da aka yi masa magana ya nuna cewa zamani ne ya kawo larurar. Ban ce kowa ya kwana da kare a gado ba, ni ma ba zan yi ba, kuma hadisin raguwar lada ga mai ajiye kare ba dalili yana nan. Amma hadisin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa shi ma yana nan, a littattafan guda. Wanda ya riƙe na farko ya manta na biyu, ya zaɓi abin da ya dace da jifan da ya saba yi tun yana yaro.

Sai hujja mai nauyi, wadda ba zan raina ba: mutane na kwana da yunwa, kuɗin burs ba ya zuwa kan lokaci, kai kana mana zancen kare. Gaskiya ne akwai ciwo a ga dabba a Kalifoniya tana da likitan da yaro a ƙauyen Tawa ba shi da shi. Amma a nuna mini yaro guda da ya ƙoshi don an bar karyar nan a keji. Zuciyar da ke iya barin uwa mai shayarwa kwana biyu ba abinci don rage kashe kuɗi, ita ce dai ke sa wa magani farashin da talaka ba ya iya saye. Lissafi ɗaya ne, littafi ɗaya. Ɗalibin da ke fita zanga-zanga don a daina ɗaukar mutum kamar kaya, ya kamata ya gane wannan lissafin in ya gan shi, ko da a kan kare aka yi.

Su ma Turawan ban wanke su ba. Karnuka dubu huɗu sun fita gaban kyamara, kowa ya yi hawaye, wurin Kambalan ya rufe. Sauran kamfanonin suna nan suna haihuwa, kuma har yanzu dubun-dubatar karnuka ne ke shiga ɗakunan gwaji a Amurka kowace shekara. Jihar Minesota ce ta fara yin doka a 2014 cewa ɗakunan gwajin da ke cin kuɗin gwamnati su ba da karnukan da suka gama da su ga masu so maimakon a kashe, wasu jihohi suka bi. A ƙarshen 2022 kuma aka cire tilascin gwajin dabba daga dokar magani ta ƙasar. Cire tilas daban, daina yi daban. Ɗaukar tsohuwar karya guda ba ya rufe wannan ramin, kuma mai ɗaukar da ya ji ya gama nasa ya ruɗi kansa.

Abin da ba na so ko kaɗan shi ne wani ɗan gidan masu hali a Filato ya karanta wannan ya ce a yi masa odar bigil daga Faransa. Wannan shi ne ainihin ƙoshin. Karen da aka raina don damshin Ingila, ka kawo shi zafin watan Afrilu na Yamai, ka kulle shi a ɗaki mai kilim, ranar da wuta ta ɗauke ya yi ta haki, ka kuma biya mai haihuwar karnuka kuɗin da zai ƙara ɗaure wata uwa. Alhali muna da namu. Karen Azawak, siriri mai dogayen ƙafafu, wanda Buzaye ke kiwo a arewacin Tawa, Turawa sun ɗauke shi zuwa ƙasashensu tun shekarun 1970, yanzu yana cikin littattafan asalin karnuka na duniya ana sayar da shi da tsada. Mu kuwa ƴan uwansa na bin bola a bayan kasuwa, yara na jifa. Manyan karnuka marasa gida a garuruwanmu ba sai an yi oda ba, kuma su ne hanyar ciwon haukan kare, wanda ke kashe mutane kusan 59,000 a shekara a duniya, mafi yawa a Afirka da Asiya, yara ne kuma kan gaba. Gidan da ke bukatar mai gadi ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura, ya ba shi inuwa da kaskon ruwa, ya rage wa unguwa haɗari guda. Kuɗin allurar bai kai na kati da wasunmu ke ƙonawa a wata suna kallon bidiyon karnukan Turawa ba.