ƘAIƘAYIN KARE: A SAN CIWO KAFIN A NEMI ALLURA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bagudo, ko a Illo ne, ko Ka'oje, ko Zagga, ko Lolo, ya saba ganin karen nan mai raɓewa a gindin katanga yana susa ba dare ba rana, gashinsa ya zube, kunnuwansa sun yi ɓawo, ƙudaje na binsa. Yara su jefe shi, manya su kore shi, ba mai tambayar abin da ke damunsa. To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ra'ayina shi ne wannan kare mara lafiya ne, ciwonsa kuwa yana da magani, amma tilas a san tushen ƙaiƙayin kafin a kashe ko kwabo.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne labarin wata allura da likitocin dabbobi na ƙasashen Turawa ke alfahari da ita. Sunanta Cytopoint, kamfanin Zoetis na Amurka ne ke yin ta. Hukumar Amurka ta ba ta cikakken izini a 2016, ƙasashen Turai kuma suka bi baya a 2017. Yadda take aiki abin mamaki ne. Akwai karnukan da jikinsu ke yin bori idan ya haɗu da ƙurar ɗaki ko garin furen ciyawa, kamar yadda borin jini ke taso wa wasu mutane. Idan borin ya tashi, sai jiki ya saki wani sinadari da masana suka sa wa suna IL-31, wanda shi ne manzon da ke kai wa jijiyoyi saƙon ƙaiƙayi. Ita allurar, irin sojojin garkuwar jiki ne aka ƙera a ɗakin bincike, aikinsu ɗaya tak, watau su tare manzon nan a hanya su riƙe shi. Cikin kwana guda susa ta fara lafawa, kare ya sami sauƙi na mako 4 zuwa 8, sa'an nan a sake yi masa wata.

Wanda ya ji haka zai ce ai shi ke nan, karnukanmu sun huta. Amma a nan gizo ke saƙa. Allurar nan ba ta kashe ƙwaro ko ɗaya. Mu kuwa a karkara, abin da aka fi zargi idan kare na susa shi ne ƙuma, da kaska, da ƙazuwa. Ita ƙazuwa wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da ido ba ya gani, macensu takan haƙa rami cikin fata ta zuba ƙwai. Idan aka yi wa mai ƙazuwa allurar bori, ko da susa ta ragu, ƙwarin na nan suna hayayyafa, suna bin sauran karnuka, har su hau jikin yaron da ke wasa da karen su fesa masa ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Ko a can ƙasashen da aka ƙera ta, likita ba ya cewa kare na da bori sai ya tabbatar ba ƙwari ne ke cinsa ba.

Bugu da ƙari, allura ce mai son sanyi, a firiji ake ajiye ta, kuma da nauyin kare ake auna ta. Saboda haka duk kwalbar da aka shanya a tire cikin ranar kasuwa aka ce ita ce, sai a yi hattara. Mu da ke bakin iyaka mun fi kowa bukatar wannan gargaɗi, domin kaya na shigowa ta Tsamiya daga Segbana, da ta Lolo daga wajen Malanbil, wasu magungunan ma da Faransanci aka rubuta bayaninsu, mai saye bai iya karantawa ba, mai sayarwa ma haka.

Akwai kuma wata mummunar al'ada da ya kamata mu bari, watau shafa wa kare baƙin mai ko maganin feshin gona. Kare yakan lashe jikinsa, guba ta shiga cikinsa, garin neman gira a rasa ido. Hanya mai kyau ita ce a kai shi wurin malamin dabbobi. Zai kankaro ɗan ɓawon fata ya duba a madubin likita. In ƙazuwa ce, akwai magani mai sauƙin kuɗi irin su ivermectin, wanda shi ma gwargwadon nauyi ake bayarwa, domin in ya yi yawa yana iya kashe dabba. Sai a yi wa dukan karnukan gidan tare, a ƙone tsummokaran da suke kwana a kai. In an kawar da ƙwari amma susa ta ƙi tafiya, a sa'an nan ne maganar bori da allurarsa za ta taso. Al'amarin da ya gagara kuwa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Na san wani zai ce, mutane ma ba su sami magani ba, sai kare? Amsata ita ce, karen nan shi ke gadin garken Bafulatani, shi ke shiga daji da mafarauci, shi ke haushi idan ɓarawo ya taɓa rumbu. Wanda ya ci moriyar dabba, haƙƙinta na wuyansa, malamanmu ma sun sha ba mu labarin mutumin da Allah ya gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ban da haka, lafiyar kare tana haɗe da tamu. Karen da aka kora saboda ƙazuwa shi ne ke zama na yawo, ba mai shi balle a yi masa rigakafin hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 rigakafi, cutar za ta daina yaɗuwa. Wannan allura kuwa a gida ake yin ta, a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato. In kuɗin allura ɗaya ne kaɗai a aljihun uba, ita ce ta cancanci a fara yi.

A ƙarshe ina kira ga hukumomin Jihar Kebbi da na Ƙaramar Hukumar Bagudo su haɗa kai da takwarorinsu na Jamhuriyar Benin wajen duba karnuka da yi musu rigakafi, tun da kare mai bin shanu bai san iyaka ba. Mu kuma ɗalibai, idan muka koma gida hutu, mu hana ƙannenmu jifan kare mai susa da wasa da shi, mu roƙi iyaye su kai shi a duba. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu, amin.