Karen sarki mai ciwon zuciya

Yau zancen kare za mu yi, kuma na san tun ban yi nisa ba wani alhaji ya ajiye jarida yana cewa yaron nan ya rasa abin rubutu. A yi mini haƙuri. Karen da nake nufi ba ya gadi, ba ya farauta, in ɓarawo ya shigo ma da kaɗa bindi zai tarbe shi. Turawa suna kiran irinsa Cavalier King Charles. Nauyinsa ba ya wuce kilo 8, yana da manyan idanu da dogayen kunnuwa masu laushin gashi.

Na san shi ne lokacin da na je horon aikin jarida a Faransa, na sauka gidan wasu mutane masu ƴaƴa biyu. Ranar farko na iske karyarsu kwance bisa kujerar da aka nuna mini. Na yi tsaye ina jiran a kore ta, sai aka kawo mini wata kujera. Raina bai so ba. Amma wata 3 da na yi a gidan na ga abin da ban zata ba. Tun kafin yara su taso daga lakwal tana bakin ƙofa. Ƙaramin yaron yana da in'ina, ba ya yarda ya yi karatu gaban kowa, amma kullum da marece sai ya zauna ƙasa ya karanta mata darasinsa da ƙarfi, ita kuwa ta ɗora haɓa bisa gwiwarsa har ya gama. Ni dai ban taɓa bari ta lashe ni ba, ita kuma ba ta fasa kwana kusa da takalmana ba.

Sunan ya samo asali daga Sharl na 2, sarkin Ingila daga 1660 zuwa 1685, wanda wani ma'aikacinsa, Samuel Pepys, ya rubuta cewa wasa yake da kare ana tsakiyar zaman majalisa. Daga baya masu kiwo suka mai da irin mai gajeren hanci. A 1926 wani Ba'amurke, Roswell Eldridge, ya sa kyautar fam 25 a gasar karnuka ta Crufts ga wanda ya kawo mai dogon hanci irin na tsofaffin zane-zane. An kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1928, aka amince da shi a matsayin iri na daban a 1945.

To, a nan gizo ke saƙa. Daga ƴan karnuka ƙalilan aka tayar da irin, aka yi ta haɗa dangi da dangi domin a samu kyau da lafiyar hali, abin da kowane makiyayi ya san ƙarshensa. Ciwon zuciya ya bi jininsu: wata ƴar ƙofa a gefen hagu na zuciya tana lalacewa, jini ya riƙa komawa baya. Wajen rabinsu suna kamuwa kafin shekara 5, kuma da wuya wanda ya kai 10 ya tsira. Wasu kuma ƙoƙon kansu ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, ruwa ya taru cikin laka, sai ka ga kare yana susar iska kusa da wuyansa saboda zafi. A 2023 kotun ƙoli ta Norwe ta tabbatar da hana kiwata irin a ƙasar. A ganina ta yi daidai, ko da yake ban iya faɗin haka a gidan da na sauka ba.

Domin karyarsu ma ta kamu. Safe da marece ana ɓoye mata magani cikin nama. Da dare uwar gidan takan durƙusa da agogo a hannu tana ƙirga numfashinta cikin barci, saboda likitan dabbobi ya ce in ya wuce 30 a minti a kawo ta nan take. Kuɗin da suke kashe mata a wata ban faɗa muku, kada ma'aikaci ya duba albashinsa ya yi fushi da ni.

Bara uwar gidan ta aiko mini da saƙo cewa karyar ta mutu tana da shekara 9. Sun yi wa yaron tayin wata, ya ce a bari tukuna. Ta ce har yanzu in ya dawo daga lakwal, ba ya ajiye jakarsa bisa kujerar nan.