Zancen Gona: Ko Noman Rani Yana Biyan Kansa?

Wani mai karatunmu daga ƙasar Kalgo ya aiko mana da takarda. Ya ce ya gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, ga fadamar da ya gada tana kwance. Ƙanensa da ke zaune a Gwandu yana ta matsa masa su haɗa hannu su yi shinkafar rani, uwargida kuwa ta ce bara ma ba ta ga abin da aka samu ba sai gajiya. Yana tambaya, wa zai bi?

Malam, kada ka yi saurin raina maganar uwargida. Ita ce mai awo, ta san abin da ya shigo gida da abin da ya fita.

Bari mu tuna yadda aka zo nan. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa, ɗan lambun albasa da tattasai kurum, ba mai kashe kuɗi sai ƙarfi. Daga wajen 1993 Shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya zo Jihar Kebbi ya buɗe shirin rance na Babban Banki ga manoman shinkafa. A 2016 Kebbi da Legas suka fito da shinkafar Lake Rice, a 2017 aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu, a 2019 kuma aka rufe iyakokin ƙasa. Fetur da araha, masu saye suna bin manomi har bakin gona. A shekarun nan, wanda ya bar fadamarsa kwance da rani lalle ya yi hasara, mutane kuwa suka saba da wannan tunani.

Amma lissafin ya sake. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Noman damina bai ji wannan sosai ba, gama ruwan sama kyauta ne. Noman rani kuwa kowane ɗigon ruwa sayensa ake yi.

Ga misali, ka gyara shi bisa ga gonarka. A ce injinka yana shan lita biyar a kowane ban ruwa, a ce kuma za ka ba da ruwa sau 40 daga dashe zuwa yanka. Lita 200 ke nan. A kan Naira 185 ba ta kai 40,000 ba. A kan Naira 1,000 ta zama 200,000. Gona ɗaya ce, shinkafar da za ta bayar ba ta ƙaru da ko tiya ɗaya ba. Taki ma haka. A 2017 gwamnatin tarayya ta sa buhun NPK a kan Naira 5,500; a 2024 ya haura 30,000 a kasuwa. Ba mu zo kan maganin feshi ba, da 'yan ƙwadago, da yaran da za su kori jan-baki sa'ad da shinkafa ta fara nuna.

Wani zai ce, ai ita ma shinkafar ta yi tsada. Gaskiya ne, ta yi, har zuwa wani lokaci. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da waɗansu kayan abinci, har da shinkafa, na kwana 150. A 2025 farashin shinkafar da ba a casa ba ya faɗi ƙwarai, taki kuwa bai biyo shi ƙasa ba. Masu saye a birni suka ɗan huta, manomi ya riƙe kai.

Domin wannan ni na daina lissafi da Naira, gama Naira tana ruɗin mutum. Da buhu nake yi. Buhun shinkafa nawa zan sayar in biya mai? Nawa na taki? Nawa na ƙwadago? Ka rubuta su a takarda, ka cire daga abin da gonar ta saba bayarwa, ba abin da ta bayar a shekarar da ta fi kowace kyau ba. Ka kuma sa ladan aikinka da na 'ya'yanka na wata huɗu. Yawancinmu ba mu sa wannan, sai mu ce mun ci riba, ashe guminmu muka sayar da araha.

Kada dai a ce na hana noman rani. Barin fadama kwance shi ma yana da nasa tsada. Wanda ya ga ambaliyar 2020, sa'ad da ruwa ya shafe gonakin shinkafar damina a Kebbi, ya san noman rani ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Da rani ba ambaliya, rana ta wadata, shinkafa takan fi yin kyau in ta sami ruwa da taki. Tana kuma shigowa da bazara, daidai lokacin da rumbu ya fara nuna gindi. Ga tattaka domin dabbobi. Ga samari suna gida, ba su tafi cin rani kudu ba, iyaye mata kuwa sun san darajar wannan ko da ba ya shiga takarda.

Abin da ke raba mai riba da mai hasara, a ganina, biyu ne: nisan ruwa, da kuma kuɗin wane ne. Fadamar da ke kusa da gulbi, ƙasarta laka ce mai riƙe ruwa, injin ba ya wahala. Gonar da ke gefen tudu mai yashi kuwa, ka zuba da safe, da yamma ta bushe; a irin wannan wuri shinkafa fetur take ci. Ban ga gonar ƙanenka ta Gwandu ba, amma in irin ta biyun ce, ya dubi maƙwabtansa na Aliero da suka yi suna da albasa. Albasa ba ta shan ruwa kamar shinkafa, sai dai tana da nata hali: kowa yakan cire tasa lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, wanda ba shi da wurin ajiya mai iska ya sayar da tilas.

Waɗansu sun juya injinsu ya koma shan gas na girki, waɗansu sun sami mai aiki da hasken rana, gwamnatin jiha ma ta raba irinsa a 2024. Mai hasken rana yana da tsada ran saye, daga nan sai gyara. Gida uku ko huɗu masu gonaki a jere suna iya haɗa kuɗi su saya, in za su iya shirya kwanakin ban ruwa ba tare da faɗa ba.

Bashi ne na fi tsoro. Mai ba ka taki da mai a watan Janairu, a kan ka biya da buhu ran yanka, shi ne zai yanka farashi, ba kai ba. Janairu kuma watan kuɗin makarantar yara ne, aljihu bai farfaɗo daga hidimar Kirsimati ba.

To Malam, da ni ne kai, rabin fadamar zan noma, wajen da ya fi kusa da ruwa, da kuɗin da ke hannuna, in ba shi taki isasshe maimakon in watsa kaɗan a ko'ina. Sauran rabin in ba ƙanenka haya, a biya da buhu, a gaban shaidu biyu. Takardar lissafin kuwa ka bar ta a hannun uwargida, ku buɗe ta tare a watan Mayu.