Hayar Kwana Biyu Da Ta Sa Na Sake Auna Motata

Shekara bakwai ke nan ina tuƙa mota ɗaya, Toyota Highlander ƙirar 2012, wadda na saya ta hannu bayan dogon tari da ɗan rancen ƙungiyar taimakon kai da kai ta ofis. Ranar da na fara shiga da ita harabar ma'aikatarmu, abokan aiki suka kewaye ta suna sa albarka, wani dattijo a cikinsu ya dafa kafaɗata ya ce yanzu na shiga sahun manya. A duk tsawon shekarun nan na san farashin tayarta, na san bakaniken da ya fi iya ta, na san ƙarar da take yi idan tana neman juye. Abu ɗaya ne ban taɓa tambaya ba, shi ne nauyinta. Sai da na yi hayar wata 'yar mitsitsiyar mota a ƙasar waje tambayar ta zo mini, kuma amsarta ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Na je Ingila ne a lokacin hutuna, domin halartar bikin kammala karatun ɗan yayana a birnin Sheffield. Yaron ya san ina son tuƙi, sai ya shirya mana hayar mota ta kwana biyu. Da muka isa wurin karɓar mukulli aka nuna mini ita, sai da na yi dariya. Mazda MX-5 ce, mai kujera biyu kacal, da rufin yadi da ake zugewa da hannu ɗaya. Tsayinta bai kai ƙirjina ba. Mai babbar riga sai ya tuɓe kafin ya shiga, ni kuwa hulata ce ta fara gaisawa da rufin. Da na zauna, sai na ji kamar a kan tabarma nake, kwalta na nan dab da gwiwar hannuna. Ga sitiyari a dama, ga giyar hannu a hagu, tsarin da Najeriya ta yi sallama da shi tun 1972.

Muka kama hanyar da ake kira Snake Pass, wani yanki na titin A57 da ya ratsa tsaunuka tsakanin Sheffield da Manchester. Hanya ce siririya mai yawan kwana, hawa da gangara, tumaki na kiwo a gefe. Injin motar lita ɗaya da rabi ne, ƙarfinsa kimanin dawaki 130, wato bai kai rabin na motata ba, mai silinda shida da ƙarfin dawaki 270. Duk da haka, ban taɓa tuƙa abin da ke jin magana kamarta ba. Da ka karkata sitiyari kaɗan ta riga ta juya. Da ka taɓa birki ta tsaya ba tare da ta dunguri ƙasa da hanci ba. Ban ƙetare ƙa'idar gudu ko sau ɗaya ba, kuma ban ji ina bukata ba. Masu ƙera ta suna da wata kalma ta Japananci da suka ɗora aikinsu a kai, wadda ma'anarta ita ce doki da mahayinsa su zama abu guda. Duk wanda ya taɓa hawan Sallah ya san bambancin dokin da ke gane nufinka daga matsin gwiwa da wanda sai an yi ta fama da linzami.

Sirrin ba a inji yake ba, a sikeli yake. Motar nan nauyinta ya ɗan haura tan ɗaya ne kawai, tawa kuwa ta doshi tan biyu. Tun da kamfanin ya fito da ita a 1989 daga masana'antarsa ta Hiroshima, ya riƙe aƙida ɗaya: a rage nauyi ko da giram ɗaya ne daga kowane ƙarfe da kowace kusa. Zuwa 2016 sun ƙera miliyan ɗaya, kuma samfurin yanzu bai fi na farko nauyi da wani abin a zo a gani ba, alhali yawancin motocin duniya sai ƙara ƙiba suke yi. Hikimar a sarari take. Jiki marar nauyi ƙaramin inji ya ishe shi. Ƙaramin inji ƙaramin tanki yake so. Mota marar nauyi ba ta bukatar manyan tayoyi da manyan birki, kuma rage waɗannan ya sake rage nauyin. Haka abin yake idan aka juya shi: kowane nauyi da aka ƙara sai ya gayyato ɗan'uwansa.

Na dawo Abuja, ranar Litinin na hau babban titin Kubwa kamar kullum, sai na ga kaina da sabon ido. Mutum ɗaya, da jakar takardu ɗaya, a cikin ƙarfe mai kusan tan biyu, da kujeru shida babu kowa a kai. A cikin cunkoson safiya kana taka totur ka tayar da wannan nauyin, bayan 'yan taku ka taka birki ka kashe abin da ka tayar. Man da aka ƙona wajen motsa motar ya koma zafi a jikin birki, ya bi iska. Idan nauyi ya ninka, abin da ake zubarwa a kowace tsayawa shi ma ya ninka. Motar da na yi haya tana shan tsakanin lita shida da bakwai a kowane kilomita 100. Tawa a cikin gari ba ta yarda da ƙasa da lita 13.

A zamanin tallafin mai wannan lissafi bai dami kowa ba. Amma tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta ƙarshen tallafin, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a Abuja a watan Oktoban 2024. Tankin motata yana cin lita 72. A wancan farashin, cika shi sau ɗaya ya zarce naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin shekarar. Abin da masinjan ofishinmu ke jira kwana talatin kafin ya gani, shi nake zubawa a tanki cikin minti biyar. Kuma ba a nan nauyin ya tsaya ba: yana bayyana a kuɗin taya, da na takalmin birki, da yawan baƙin man da injin ke sha a kowane juye.

Adalci ya wajaba in faɗi inda motata ta yi wa baƙuwar nisa. Tana ɗaukar mutum bakwai. Tana ɗaukar buhunan hatsi da ragon layya. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, don haka ramukan unguwa da ambaliyar damina ba sa tayar mini da hankali. A kan titin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka shafe shekaru ana aikinsa, na fi son in kasance a cikinta. Ita kuwa Mazda, but ɗinta lita 130 ne, akwati ɗaya matsakaici ya cika shi, kuma tudun rage gudu na farko a unguwarmu zai iya kankare mata ciki. Ba zan saye ta ba, kuma ba na ba wani magidanci shawarar ya saya. Darasin da ta koya mini ya fi ita kanta amfani.

Na zauna da kalanda na ƙirga ranakun da na cika kujerun motata a shekarar da ta wuce. Sallah ƙarama, Sallah babba, ɗaurin aure biyu, ta'aziyya ɗaya a gida. Duka-duka ba su kai kwana 15 ba. Sauran ranakun ni kaɗai ne, ko ni da yara biyu zuwa makaranta. Ashe baibai na yi lissafin: na mallaki motar da ta dace da kwana 15, ina biyan kuɗin nauyinta kwana 350. Abin da hankali ke so shi ne mutum ya mallaki motar da ta dace da yawancin ranakunsa, ranar da babbar bukata ta taso ya yi hayar babba. Tsakanin 'yar kujera biyu da jif akwai motoci masu yawa, irin su Corolla da Yaris da Honda Jazz, masu kujera biyar, waɗanda nauyinsu bai yi nisa da tan ɗaya ba ƙwarai. Daidai ruwa daidai tsaki.

Me ya hana mu, mu ma'aikata da muka fi kowa sanin lissafin albashi? Girma ne, kuma ba zan yi kamar ban san daɗinsa ba. Mai gadin ma'aikata yakan yi saurin ɗaga ƙarfen ƙofa idan ya hango jif. A wurin taro ana nuna wa mai babbar mota inuwa, mai ƙarama a ce ya zagaya baya. Surukai suna auna mutum tun daga bakin layi. Hadimi kuma yana kallon abin da maigidansa ke hawa, sai ya nemi ƙanen abin, ko da rance ne. Duk wannan gaskiya ne. Abin da nake so mu yarda da shi kawai shi ne girman nan saye muke yi, kuma kuɗinsa wata-wata ake cira, daga kuɗin makaranta da na cefane.

Ba haka abin yake a da ba. Iyayenmu a aikin gwamnati sun yi zamani da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. A zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo ita ce motar manyan jami'ai, ƙarƙashin manufar rage almubazzaranci. Nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, amma ta shiga ƙauyukan da ko kwalta babu, ta fito. A 2003 aka zo da tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi, wanda ya ɗora nauyin mota a kan aljihun ma'aikaci. Kamata ya yi wannan ya koya mana tsimi. Sai dai idanunmu suna sama, kuma a sama motoci sai ƙara girma suke yi.

A ƙarshen 2023, lokacin da talaka ke kokawa da sabon farashin mai, Majalisar Tarayya ta sayo wa mambobinta manyan jif-jif, aka kafa hujja da lalacewar hanyoyin ƙasar nan. Hujjar tana da rauni a inda ake zaton ƙarfinta yake. Wanda ke amincewa da kasafin gyaran titi, idan aka saya masa motar da ba ta jin rami, an raba shi da abin da zai tuna masa da ramin. A Oktoban 2024 fadar shugaban ƙasa ta taƙaita ayarin ministoci da shugabannin hukumomi zuwa motoci uku. Mataki ne mai kyau, amma adadi ya ƙirga, bai auna nauyi ba. Motoci uku masu fiye da tan biyu kowace, a kan titunan tsakiyar Abuja da suka fi na ko'ina kyau a ƙasar nan, har yanzu ɓarna ce.

Akwai masu cewa babbar mota ta fi tsare rai idan aka yi karo. Ga wanda ke cikinta, haka ne. Ga wanda ke waje, labarin ya sha bamban. Wani bincike da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa motocin da gabansu ya haura mita ɗaya a tsayi sun fi masu gajeren gaba yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin ɗari. Duk wanda ke bin titin Lugbe ko na Nyanya da safe ya san yawan masu tsallaka titi a guje, cikinsu har da 'yan makaranta. Idan kowa ya nemi tsira ta hanyar fin maƙwabcinsa nauyi, gasar ba ta da ƙarshe, kuma wanda ba shi da mota ne ke biyan kuɗinta.

Kira na farko gare ku ne, hadimai da jami'an saye-saye, domin ta hannunku takardun sayen motoci ke bi. Idan ana rubuta sharuɗɗan motar da za a saya, a sa nauyinta da yawan man da take sha a kilomita 100 kusa da farashinta, yadda mai sa hannu zai ga kuɗin riƙe ta na shekara biyar tun kafin ya amince. Kowace ma'aikata ta ajiye 'yan manyan motoci kaɗan na aikin karkara, waɗanda ake karɓa da takarda idan tafiya ta kama, zirga-zirgar cikin gari kuwa a yi ta da ƙanana. Mayar da motoci masu amfani da iskar gas abu ne mai amfani, kuma yana rage kuɗi, amma motar da ta yi wa aikinta girma tana nan da girmanta ko me take sha.

Kira na biyu ga 'yan'uwana ma'aikata ne. Kafin ka karɓi rancen mota, ɗauki kalanda ka ƙirga kamar yadda na ƙirga. Ka kwatanta kuɗin hayar babbar mota na ranakun Sallah da abin da bambancin mai zai ci maka a shekara. Amsar kowa ba za ta zama ɗaya ba: mai iyali goma da mai zama a unguwar da babu titi suna da uzuri. Amma da yawanmu ba mu cikin waɗannan, mun dai ari uzurinsu ne.

Ni dai na riga na yi wa dillali magana. Da na gaya wa uwargida, ta yi shiru, sannan ta tambaye ni abin da mutane za su ce idan suka gan ni a ƙaramar mota bayan shekara bakwai a babba. Na ce mata za su yi magana, babu shakka, ta mako ɗaya ko biyu. Amma a duk shekarun nan da nake tsayawa a gidan mai ina kallon lambobi suna gudu, ban taɓa waiwayawa na ga ɗaya daga cikinsu tsaye kusa da ni yana laluben aljihu ba.