Lanƙwasar da Tangaraho Ya Haɗiye

Ranar 12 ga Disamba 1901, Marconi ya ce ya ji ɗigo uku a St John's ta Newfoundland, wato harafin S a tsarin Morse, wanda aka bugo daga Poldhu ta Ingila, ya ƙetare Tekun Atalantika a kan igiyoyin rediyo. Bahaushe ya raɗa wa irin wannan saƙo suna wayar iska, kuma da wuya a sami sunan da ya fi shi dacewa.

Sai dai ɗalibin harshe ya dubi abin da na'urar ke ɗauka da abin da take zubarwa. Morse haruffa yake aikawa, kowanne da adadin ɗigo da zaren da aka yanka masa. Faransanci ya sami gurbi na musamman domin é. Babu wanda ya yanka wa ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ komai, balle karin sauti da tsawon wasali. Kalangu akasin haka yake: karin sautin yake kaiwa, ya bar baƙaƙen a gida. Ma'aikacin tangaraho yana da uzuri, domin maballinsa bai san bambancin baki da baƙi ba.

Mu fa, mene ne uzurinmu? Kwanan baya ƙanena ya turo mini saƙo daga Gazawa game da kuɗin da na aika wa innarmu: "kudin ya bata". Na kwana ban sani ba ko ɗan aiken ya ba ta, ko kuwa kuɗin ya ɓata. Unicode ya daɗe da tanadar waɗannan haruffa, kuma ana iya ɗora allon rubutun Hausa a kan wayoyin da ke hannun matasan Agye da Gidan Runji. Duk da haka muna rubutu kamar masu biyan kuɗin kowace kalma a gidan waya, har mu ƙara da "ou" da "tch" da muka gada daga makarantar Faransanci.

Wasu abokaina na cewa mahallin magana yana warware komai. Yakan warware a hira, inda murya take. A takardar gado ko ta magani kuwa, ba na so a bar ni da zato. Tun 1999 Nijar take da ƙa'idar rubutun Hausa a hukumance, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ina ganin ya kamata sashenmu ya daina karɓar duk wani aikin Hausa da ba a lanƙwasa haruffansa ba, a kuma fara da wannan mujalla.